Ƙafar Inna da Kwandon Bakin Zaure

Da sunan Allah nike farawa, shi da ke saukar da cuta kuma shi ɗauke ta. Ni ba malami ba ne, tun firamare nig gudu daga makaranta, don haka wanda yag ga rubutuna ya karkace shi yi haƙuri. Abin da yas sa niz zauna, ni da ban iya zama wuri guda ba, shi ne in gaya ma duk mai majinyacin ciwon suga a gida cewa shi ji tsoron 'yan dubiya. Ba maƙiya nike nufi ba. Masoya nike nufi, masu shigowa da sallama da ƙwarya rufe da faifai. Su sunka kusa raba mahaifiyata da ƙafarta, kuma har yau in na tuna sai raina shi ɓaci.

Sunana Garba, ni ne ɗan fari wurin Inna. Wanda duk yat tashi ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta duban idona, ba ta cin abinci gabana, ba ta karɓar abu daga hannuna. Tun yaye anka kai ni wurin kakata, can nig girma. In Inna na son a gaya mani magana sai ta dubi bango ta ce, "A ce ma wancan kaza." Wancan ɗin ni ne. Ban taɓa jin haushi ba, kunyar ɗan fari ce, kuma abin yabo ne gare ta cikin mata.

Mu mutanen wajen Maradun ne. Da ruwan dam yat taso yac ci gonakinmu, munka dawo gefen Talata Mafara, kusa da kanal, babbar hanyar ruwan nan ta siminti. Baba bai daɗe ba bayan tashin yar rasu. Ƙanwata Hassi na aure Birnin Tudu, kuma lokacin da ciwon yaz zo tana cikin wankan jego, ba halin tahowa. Sai ni, wanda yau shina leburanci a kanal, gobe yaron mota, jibi su a bakin dam.

Ciwon bai zo da hayaniya ba. Ƙishirwa ce farko, Inna ita kaɗai sai ta ga ƙasan randa kafin la'asar. Ga zarya makewayi, ga rama har zane na zamewa daga ƙugunta. Maƙwabciyarmu Tabawa, wata tsohuwa mai baki kamar reza, ita tat tare ni a ƙofa.

"Kai sarkin yawo, tsaya ƙafarka ta huta. Ka leƙa makewayinku kuwa? Kiyashi sun ci kasuwa inda uwarka ke tsugunni. Kuma ƙafarta ta fara wari."

Ashe wajen kalan shinkafa kututture ya soke ta ƙarƙashin ɗan yatsa, tay yi shiru, mikin yaƙ ƙi warkewa. Dangi sunka taru da shawara. Wannan shi ce abu tat taka, wancan shi ce a cusa toka, wata ta ce a jiƙa sassaƙen maɗaci. Anka yi duka, ƙafa sai kumbura.

Ba ni faɗin asibitin da munka je, don akwai mutanen kirki cikinshi. Ko tafiyar sai da anka yi dabara, don Inna ba ta hawa bayan kekena. Tabawa tas sa ta mota, ni nib bi su da keke ina shan ƙurar taya. Layin kati daban, layin fitsari daban, layin ganin likita daban, kuma kowane layi sai ka ga wani mai babbar riga ya zo daga baya ya shige gaba. Rana tat take kafin a kira mu. Malamin gwaji yaɗ ɗiga fitsarin cikin wani ruwa shuɗi a 'yar siririyar kwalba, yaɗ ɗora kan 'yar fitila. Ina kallo shuɗin yak koma kore, yak koma ruwan ɗorawa, yaz zarce ja kamar jan ƙasa. Yag girgiza kai.

Likita yad dubi ƙafa, yad dube ni. "Wa ke ba ta abinci?"

Nic ce, "Ni ne, ranka shi daɗe. Wato ba ni ne ba, amma ni ne."

Bai tsaya jin bayani ba. Yac ce, "Ƙafar nan daga baki take ruɓewa. In ruwan kwalba bai bar ja ba, daga nan za mu yanke." Yas sa gefen hannunshi ƙasan gwiwarta. Wannan hannun ban manta shi ba.

Malamin da ke wankin miki, Allah shi saka mishi, shi yaz zaunar da ni yay yi mani dalla-dalla. Ba fura, ba kunu, ba masa, ba rake, ba dankali, ba rogo, ba zuma. Tuwo kamar dunƙulen hannunta, safe da maraice. Amma ƙwayoyin da za ta sha ba su son ciki wofi, don haka tsakani sai an riƙa ba ta abin taɓawa, wanda ba gari ba kuma ba zaƙi ba. In ko tay yi zufa mai sanyi tana kyarma, nan kaɗai za a ba ta ɗan abu mai zaƙi a kawo ta.

Nic ce, "Malam, in an cire gari da zaƙi, mi yar rage a garin nan?"

Yay yi dariya yac ce, "Kai da anka ce ba ka zama wuri guda? Je ka nemo."

Satin farko gyaɗa nis sani, gyaɗa nis saya. Safe gyaɗa, rana gyaɗa, in ba Tabawa ta kai mata. Ba a jima ba kwano yaf fara dawowa yadda yat tafi. Ina bayan darni, dangar karan gidanmu, nij ji Inna na gaya ma bango, "A tambayi wancan, kurege ce tah haife shi?" Tabawa tay yi dariya har da tari.

Nan nif fara yawon neman abin taɓawa, kuma nan raina yaf fara ɓaci da gaske. Ka tsaya bakin kanal ka duba gabas da yamma, kore shar har iyakar ganinka, amma mi ke ciki? Shinkafa, alkama, masara, dankali, rake. Duk abin da anka hana ta, shi ne a ƙofar gida, arha kamar banza. Zogalen da kowane gida ke da shi a jikin darni can garinmu, yaɗiyar da ke hawan itace, tafasar da ko akuya ba ta kulawa, duk katafila ta share lokacin da anka baje filayen. Ganyen da mata ke tsinka kyauta, sai da nit taka keke har Bakura kafin in same shi, kuma da kuɗi.

Nib bi kasuwar Bakura, nib bi ta Maradun, nish shiga ƙauyuka har wajen Gidan Goga. Nis samo yalo da gauta da gurji. Nis samo ƙwan zabi, da soyayyar fara, da busasshen kifi, da ƙuli-ƙuli. Tabawa tar riƙa yin kwaɗon zogale yau, gobe na rama, jibi na tafasa, da ƙuli da ɗan mai da albasa, ba garin rogo. Amma ko a nan sai ka yi hankali da 'yan kasuwa. Mai ƙuli ta rantse maka ba suga, ka ɗanɗana ka ji shi zaƙwai. Riɗi kuwa duk an narka shi da suga an yi kantu, sai da nis sayi tsabarshi munka soya da gishiri. Nono ma mafi yawa an dama shi da gari don shi yi kauri. Wata Bafillatana ce can hanyar Maradun taj ji labarin Inna, tar riƙa ware mani kindirmo tsantsa, wata rana har da cuku. Ban san sunanta ba, Allah ya sani.

Tunda Inna ba ta gaya mani abin da take so, kwano nike karantawa. In ya dawo a suɗe, ta so. In an tsakura an bari, kar in sake. Wata rana sai in raɓe bayan darni in ji ƙarar fara a bakinta, ƙurus-ƙurus, in ji kamar an biya ni ladan wuni. Ina da gemu a haɓa kafin in san mahaifiyata ta fi son gauta mai ɗaci bisa yalo.

Duk da haka, da munka koma sati na biyu, kwalba ja. Sati na uku, ja. Malamin wanki yad dube ni yac ce, "Garba, mi kake ba ta?" Nil lissafa mishi. Yac ce, "To wani na ba ta wani abu."

Rannan ina dawowa, Tabawa ta fitar da Inna shan iska, nish shiga ɗakin nid ɗaga tabarma. Tuƙar rake. Ɓawon dankali cikin tsumma. Ƙwarya da busasshiyar fura a gindinta. Nif fito da su nib baje gaban Tabawa.

Tac ce, "Ni kake zare ma ido? Kai kana Bakura neman yalo, 'yan dubiyar Bakura na ɗakin uwarka da dankali. Mi kake so ta yi? Ta ce ma ɗan'uwa ba ta ci?"

Ga inda matsalar take, kuma wanda bai sani ba shi sani. A wurinmu ɗan dubiya ba shi zuwa hannu wofi, kuma ba shi tashi sai majinyaci ya taɓa abin da yak kawo a gabanshi. In kaƙ ƙi, ka ce ke nan kana zarginshi da sa maka wani abu. Zumunci na mutuwa kan ludayi guda. Inna kuwa mace ce da ko ruwan zafi kam miƙa mata za ta sha ta yi godiya. Ga shi dangi sun ga ta rame, kowa na son shi cika ta. Wato abin hannuna ba ta iya karɓa, abin hannunsu ba ta iya ƙi.

Ba ni iya yi ma Inna faɗa. Nit tsaya tsakar gida ni ma nid dubi bango nic ce, "A gaya ma masu ɗakin nan, likita ya nuna inda za shi yanke."

Cikin sati na huɗu yatsu biyu sunka yi baƙi. Anka kwantar da ita, anka shiga da ita tiyata, anka cire su. Ina zaune kan benci a waje, sai ga wani kawuna ya iso da damin rake a kafaɗa, wai ya zo jaje. A cikin asibiti! Wallahi ba don girman furfura ba da raken nan a gadon bayanshi za shi ƙare. Likita da zai sallame mu yac ce, "Wannan karon yatsu ne. Ba ni sake yanka ƙanana."

Keken da ke kai ni kasuwanni shi kaɗai yar rage ban sayar ba. Ina tura shi gida ina tunani. Hana mutane zuwa ba shi yiwuwa, hana Inna karɓa ba shi yiwuwa. To, tunda daga hannun baƙo kaɗai take ci, bari in cika hannun baƙon da abina.

Washegari nid daina yawon rana. Kasuwa da sassafe, kafin hantsi na dawo na shimfiɗa buhu bakin zaure, kwando a gabana. Cikin kwandon ga dafaffen ƙwai, ga gauta, ga fara a ƙunshe, ga kifi, ga ɗan kwanon kwaɗo. Duk wanda yaz zo, mu gaisa yadda ya kamata, gida da iyali da gajiya da mai jiki, sannan in ce, "Mi anka kawo muna?" In karɓi nashi in aje gefe, in ce shi zaɓi ɗaya cikin kwando shi shiga da shi a matsayin nashi.

Ba ka ga rigima ba. Kawun nan mai rake yac ce, "Yaro, rake fa ba suga ba ne. Suga na kwali shi ne na Bature. Wanga daga ƙasa yaf fito."

Nic ce, "Kawu, na kwalin daga sama yaf faɗo?"

"To ni in shiga wurin 'yar'uwata da fara? Fara, kamar wani yaro?"

"Akwai ƙwai, Kawu. Ƙwai ya dace da girmanka."

Yaɗ ɗauki ƙwai biyu shina gunaguni. Wata tac ce dankalinta dafaffe ne, wuta ta kashe zaƙin. Wata taɓ ɓoye masa cikin goyon ɗanta, Tabawa tag gano ta da hanci. Kafin sati shi zagayo unguwa ta sa mani suna Garba Kwastan. Wasu sunka daina zuwa, sunka ce ɗan Inna ya yi karatun asibiti ya raina mutane. Ni da ko firamare ban gama ba! Abin da niƙ ƙwace kuwa gidan Tabawa shike tafiya, har kumatu tay yi. Kullum sai ta leƙo ta ce, "Kwastan, yau ba a kama fura ba?"

Amma Inna na ci. Baƙo shi miƙa mata gauta, ta karɓa, ta ci a gabanshi, ta sa albarka. Ko ta gane daga ina gautar take, ba ta nuna ba. Da munka koma asibiti, kwalba tat tsaya a ruwan ɗorawa. Zuwa na gaba, kore. Malamin wanki yab buɗe bandeji yac ce, "Ka ga jan nama? Wanga shi muke nema."

Sai ga Gwaggo Hajo daga Bakura. Yayar Baba ce, ita tak karɓi Inna ranar da anka kawo ta amarya, ita tay yanke mani cibi. Duk danginmu ba mai yi mata musu. Ta iso da azahar da ƙatuwar ƙwarya a kai. Nid durƙusa nig gaishe ta, sannan nic ce, "Gwaggo, mi anka kawo muna?"

Tac ce, "An gaya mani ka buɗe kwastan. Fura ce, da zuma nid dama ta, kuma da rubutu a ciki. Kauce."

Nic ce, "Gwaggo, rubutu a kawo shi cikin ruwa, wallahi da kaina zan sa a ba ta. Amma fura da zuma, ƙafarta ce za ta tafi."

"Ni za ka koya ma jinya? Ni da nib binne uwata da ubana da ubanka? Kun bar mace tana cin ciyawa da ƙwari kamar kaza, ta bushe kamar kara. Ko cewa kake na sa mata wani abu?"

"Ban ce ba, Gwaggo."

"To kauce, ɗan banza mai ƙafar yawo."

Tab bi ta gefena tash shige. Mi zan yi, in kama ta? Nib bi bayanta da kwandona a hannu har ƙofar ɗaki, inda ban taɓa tsayawa ba in Inna za ta ci abinci. Tabawa na ciki tana yi mata fifita. Sunka gaisa doguwar gaisuwa. Gwaggo tab buɗe faifai, ƙamshin zuma yac cika ɗakin, tac cika ludayi tam miƙa.

"Ungo, sha ki ji ƙarfi."

Inna tad dubi ludayin. Na san tana son furar nan, macen da tat tashi da fura tun yarinta. Hannunta yaɗ ɗago daga cinya. Ni kuwa hannun likita kawai nike gani ƙasan gwiwarta.

Sai hannun yak koma. Kanta na sunkuye, muryarta ƙasa-ƙasa, tac ce, "Yaya, ki gafarce ni. Garba ya hana."

Fifitar Tabawa tat tsaya. Gwaggo tas saki baki, fura na ɗiga daga ludayi bisa tabarma.

"La'ilaha illallahu. Sunanshi kinka faɗi? Da bakinki? Gabana?"

Tabawa ce tac ce, "To Hajo, ba ita tah haife shi ba? Kawo furar nan, kwastan ya kama."

Ni ban san lokacin da nif fita ba. Na dai tsinci kaina bakin kanal da kwando a hannu, ina kallon ruwa na wucewa, wani lebura da munka san juna na tambayata ko barkono ya shiga mani ido.

Gwaggo ko la'asar ba ta jira ba. Na bi ta Bakura da goro in ba da haƙuri, tas sa anka ce tana barci. Har yau in na gaishe ta a taro sai ta dubi gefe ta amsa. Na yarda da wannan. Da gaisuwarta da ƙafar Inna, na san wadda niz zaɓa, kuma Inna ma ta zaɓa.

Mikin ya rufe bayan girbin alkama. Ciwon suga bai tafi ba, an ce ba shi tafiya, ƙwayoyi da gwajin kwalba sun zama abokan zama. Amma Inna na taka ƙafarta har bakin rijiya, tana ɗan ɗingishi, da takalmin roba da nis sa anka yanka mata daidai. Na dasa zogale jikin darninmu, wanda duk akuyarshi tat taɓa shi za mu haɗu.

Ku masu zuwa dubiya, don girman Allah ku tambaya kafin ku dama. Ƙwai biyu ba su rage muku daraja. In majinyaci yac ce ba shi ci, ba zarginku shike ba, tsoron wuƙa shike. Kun miƙa kun tashi kun kaɗe riga, mu ke kwasar abin da kunka bari. Allah shi ba marasa lafiya lafiya, shi saka ma Tabawa da malamin wanki da Bafillatanar nan, shi shiryi masu rake.

Sunan nan kuwa, sau guda ne, ba ta sake ba, kuma ban sa rai ba. Ɗazu ina ɗaure kwando bayan keke nij ji ta daga ɗaki tana gaya ma bango, "A ce ma wancan fara ta ƙare. Kuma gautar jiya ba ta da ɗaci, an cuce shi."